Old Warden: filin ciyawar da jiragen yaƙin 1918 ke tashi har yau

Wanda duk zai sayi tikitin kallon wasan jirage na Shuttleworth, gidan adana tsofaffin jirage da motoci a Ingila, ya fara sanin wannan: iska ce mai iko da filin. Masu shirya taron za su buga jerin jiragen da ake sa ran tashinsu, makanikai za su kwana suna shiri, amma in aka wayi gari iska na kaɗawa ta gefe, rabin tsofaffin jiragen nan ba za su bar ƙasa ba. Ba sakaci ba ne, kuma ba yaudara ba ce. Wanda ya fahimci dalilin haka shi ne zai ci moriyar kuɗinsa.

Wurin yana ƙauyen Old Warden, kusa da garin Biggleswade a yankin Bedfordshire na Ingila, arewa da Landan. Richard Shuttleworth ne ya fara tara tsofaffin motoci da jirage a nan tun 1928. Ya rasu a hatsarin jirgi a 1940 yana cikin rundunar sojan sama ta Birtaniya, sai mahaifiyarsa Dorothy ta kafa gidauniya a 1944 don tunawa da shi. Ƙa'idar gidan tun farko ita ce duk abin da aka ajiye ya zama yana aiki: mota ta yi tafiya, jirgi ya tashi. Abin da ya raba su da yawancin gidajen tarihi ke nan, inda ake tsiyaye man jirgi a rataye shi a rufi. A ganinmu nasu tsarin ya fi, domin jirgin da aka rataye siffarsa kawai ta rage. Yadda ake tayar da injinsa, yadda ake ɗaure wayoyin fikafikansa, yadda matuƙi ke lallaɓa shi ya sauka, duk wannan sani ne da ke hannun mutane, kuma yana gushewa da zarar an daina aiki da shi.

Ana gudanar da wasannin ne a wasu ranaku tsakanin Mayu da Oktoba. Akwai na rana, wanda tashin jirage ke farawa yawanci wajen ƙarfe 2, akwai kuma na yamma. Ƙofa tana buɗewa tun da hantsi, kuma babban kuskuren baƙi shi ne su iso dab da fara tashi. Awannin safe su ne rabin darajar tikitin. A lokacin ne ake turo jiragen daga rumfunansu guda shida a jera su a bakin shinge, mutum ya tsaya taku kaɗan daga gare su ya ga ɗinkin yadi da ɗigon mai a ƙarƙashin inji, ya kuma tambayi masu aikin sa kai, waɗanda yawancinsu sun san jiragen nan ciki da bai.

Mu fara da injin da ya fi kowanne ba mutane mamaki, wanda ke kan jiragen Sopwith Pup da Avro 504K. A motarka karanshaf ne ke juyawa, silinda na tsaye. A wannan injin an juya lamarin: karanshaf ne aka ɗaure a jikin jirgi, sai silindodin gaba ɗaya su riƙa juyawa tare da farfela. Na Pup ƙirar Le Rhône ce, silinda 9, ƙarfin doki 80, yana juyawa wajen sau 1,200 a minti. Amfanin wannan dabara shi ne injin yana sanyaya kansa da juyawarsa, ba ya buƙatar lagireto ko ruwa, saboda haka ba shi da nauyi. Amma ba shi da kaskon tara mai a ƙasa. Man inji yana shiga tare da fetur ta cikin ramin karanshaf, ya shafi abin da zai shafa, ya fita ta bakin hayaƙi, ba ya dawowa. Shi ya sa ake amfani da man zurma, wato cika-gida, domin ba ya narkewa cikin fetur kamar man inji na yau da kullum. Lita da dama ke tafiya a kowace awa, kuma duk a jikin jirgi da fuskar matuƙi suke ƙarewa. Ƙamshin da za ka ji in jirgin ya wuce ta gabanka na man zurman da ya ƙone ne. Bayan kowace sauka sai an goge shi tas, domin in ya kwana yana daskarewa kamar ƙaro, ya liƙe bawul, ya kuma jiƙa yadin jirgin ya ƙara masa nauyi.

Ka saurari jirgin in ya zo sauka. Za ka ji injin ya yi ƙara, ya ɗauke, ya sake yi, kamar mai shirin mutuwa. Lafiyarsa ƙalau. Irin wannan inji ba ya yarda a rage masa wuta sosai, saboda haka akwai wani maɓalli a kan sandar tuƙi da matuƙi ke dannawa ya yanke wutar filogi na ɗan lokaci, ya saki. Inda matsala take: yayin da wutar ke yanke, fetur da mai suna ci gaba da kwarara cikin silinda. In ya daɗe yana danne, filogi ya jiƙe, ya saki maɓallin inji ya ƙi kamawa, ko kuma fetur ɗin da ya taru a cikin murfin inji ya kama wuta. Ga kuma nauyin ƙarfen da ke juyawa a gaba, wanda ke jan jirgin gefe duk lokacin da aka karkata shi. A Sopwith Camel abin ya fi tsanani: juyawa dama hanci ya nutsa, juyawa hagu hanci ya ɗaga. Camel ɗin da ke Old Warden sabon ƙira ne bisa zanen asali, haka ma Sopwith Triplane mai fikafikai hawa uku, kuma gidan ba ya ɓoye wannan, yana rubuce a allon kowane jirgi. Mun yaba da hakan, domin ba ko'ina ake bambance na asali da na kwaikwayo a fili ba.

Yanzu batun iska zai fito sarari. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su da birki. A wutsiyarsu babu taya, wani ɗan katako ne mai takalmin ƙarfe da ke kartar ƙasa, shi ne birkin, shi ne kuma ke hana wutsiya waskewa. A kan kwalta wannan katako zamewa kawai zai yi. Dole sai ciyawa, kuma dole jirgin ya fuskanci iska sosai wajen tashi da sauka. In iska ta bugo ta gefe ta ɗaga fiffike ɗaya, ɗayan ya taɓa ƙasa, jirgin ya yi juyi a wuri ɗaya, ƙafafunsa su karye ko ya kifa da hanci. Gyaran irin wannan ɓarna kan ci watanni, wani lokacin shekaru. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna riƙe da bakin fikafikai suna rakiyar jirgi har inda zai fara gudu.

Cikin jiragen asali kuwa, akwai Bristol F.2B da aka ƙera a 1918, mai ɗaukar mutum biyu, da injin Rolls-Royce Falcon mai silinda 12. Akwai S.E.5a mai injin Wolseley Viper, ƙarfin doki 200, wanda bayan yaƙi aka yi amfani da shi wajen rubuta talla da hayaƙi a sararin sama, abin da ya sa ya tsira daga masu fasa tsofaffin jirage. Waɗannan biyun ruwa ke sanyaya injinsu, sun fi nauyi, sun fi jure iska, saboda haka sun fi yawan tashi.

Kada ka yi nisa lokacin da za a fito da wata tsohuwar mota Ford Model T mai doguwar sanda a samanta. Sunanta Hucks, kuma aikinta tayar da injin da ya fi ƙarfin a juya farfelarsa da hannu. Ana matso da ita gaban jirgi, a sa wa tayoyinta waigi, a daidaita sandar da wata ƙugiya da ke tsakiyar farfela. Injin motar ke juya sandar ta hanyar sarƙa, sandar ta juya farfela, da zarar injin jirgi ya kama ya fi sandar gudu sai ƙugiyar ta sake da kanta, a ja motar baya. In sandar ba ta miƙe daidai da tsakiyar farfela ba, za ta riƙa girgiza ta lalata ƙugiyar, shi ya sa ake ɓata lokaci wajen daidaitawa.

Aikin da ba a gani daga shinge shi ne na katako da yadi. Ƙashin fikafikan katako ne mara nauyi, haɗe da gam, an lulluɓe shi da yadin lilin. Ana ɗinke yadin a jikin kowane haƙarƙari da zare mai kakin zuma, ƙulli bayan ƙulli, tazarar 'yan yatsu kaɗan, sa'an nan a shafa wani fenti da ke sa yadi ya ɗame kamar fatar kalangu. Cikin shafe-shafen akwai mai garin alminiyom, wanda ke tare hasken rana, domin rana ce ke cinye lilin. Babban abokin gaba shi ne danshi. Gam ɗin da aka yi amfani da shi a da daga madara ake yin sa, in ruwa ya shige shi yana ruɓewa, haɗin ya saki, alhali daga waje komai lafiya. Saboda haka akwai ƙananan ramuka a gefen bayan fiffike don ruwa ya tsiyaye, kuma toshewarsu kaɗai ta isa ta jawo babban aiki. Wayoyin da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa kuwa, kowace da irin ɗaurinta. In ɗaya ta yi sako-sako jirgin zai riƙa karkata gefe, in an ɗaure fiye da kima katako ya lanƙwashe.

Daga nan sai jiragen tsakanin yaƙoƙi biyu da na Yaƙi na Biyu. Gloster Gladiator, wanda ya fara aiki a 1937, shi ne jirgin faɗa na ƙarshe mai fikafikai hawa biyu da sojan saman Birtaniya suka yi amfani da shi. Injinsa Bristol Mercury ne, silinda 9 jere a da'ira, amma wannan a tsaye yake, ba ya juyawa. Kafin a tayar da shi za ka ga makanikai suna tura farfela da hannu a hankali, zagaye bayan zagaye. Dalili: in jirgi ya kwana, mai yana tsiyaya ya taru a silindodin da ke kallon ƙasa. Mai ba ya matsuwa kamar iska. In aka tayar da inji haka, fistin zai bugi man ya lanƙwasa sandarsa, kuma mugun abin shi ne sandar ba lalle ta karye nan take ba, tana iya jira sai ana sama. In mai tura farfela ya ji ta cije, ba a tilasta mata kuma ba a mayar da ita baya. Ana cire filogin ƙasa a bar man ya zube.

Westland Lysander, baƙi wuluk, da tsani a manne a gefen hagu da tankin ƙarin mai a ƙarƙashin ciki, shi ne wanda muka fi so a gani a wasan yamma. Irinsa ne ke kai 'yan leƙen asiri gonakin Faransa da dare a lokacin mamayar Jamus, kuma sansanin rundunar da ke wannan aiki, Tempsford, yana nan cikin Bedfordshire, ba nisa da Old Warden. Yana iya tafiya a hankali ƙwarai saboda wasu faifai a gaban fiffike da ke buɗewa da kansu in gudu ya ragu. Amma yana da tarko. Wajen sauka matuƙi yana murɗa wani gargare ya sauya kwanciyar wutsiya gaba ɗaya. In ya fasa sauka ya ba inji wuta duka alhali wutsiyar na haka, hanci zai miƙe sama da ƙarfin da hannu ba zai iya dannewa ba. Sai dai ya ƙara wuta kaɗan, ya murɗa gargaren, ya sake ƙarawa.

Sea Hurricane na gidan an ƙera shi ne a Kanada, yana da ƙugiya a wutsiya don sauka a kan jirgin ruwa. Mai karatu daga Kano ko Maiduguri ya dube shi da kyau. Daga Satumban 1940, ana kawo jiragen Hurricane da Blenheim cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar. Siffar nan da ƙarar nan dai kakanninmu sun sani. Tun ma kafin nan, a Nuwamban 1925, jiragen sojan saman Birtaniya uku ƙirar DH.9A, su ma na katako da yadi da waya, suka sauka a Kano daga Masar.

Spitfire ɗinsu samfurin Mk V ne na 1942, wanda matuƙan Czech na runduna ta 310 suka yi yaƙi da shi. Ya koma tashi a 2018 bayan kusan shekara goma ana sake gina shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda kuɗin tikiti ke tafiya. Injinsa, Merlin, lita 27 ne, silinda 12. Lura da yadda ba a barinsa ya daɗe a ƙasa yana aiki. Lagiretonsa na ƙarƙashin fiffiken dama, kuma ƙafar jirgin in tana ƙasa tana tare masa iska, saboda haka cikin mintoci kaɗan ruwan ke neman tafasa. In aka sami jinkiri a fili, gara matuƙi ya kashe inji ya jira ya huce. Ƙafafunsa kuma a matse suke, hancinsa dogo ne yana tare gaba, shi ya sa yake tafiya a ƙasa yana karkace-karkace, matuƙi na leƙawa ta gefe. Taka birki da ƙarfi kuwa farfela ce za ta sha ƙasa.

Kafin kowane jirgi ya tashi za ka ji an ƙara wuta, ƙarar ta ɗan sauka, ta dawo, ta sake sauka. Gwajin maganeto ke nan. Kowace silinda tana da filogi biyu, kowanne da maganeton da ke ba shi wuta. Ana kashe ɗaya a ga yadda juyin inji ya ragu, a mayar, a kashe ɗayan. In raguwar ta wuce iyaka, jirgi ya koma rumfa ko da mutum dubu nawa ke jira. Ba mu ganin wannan a matsayin gazawa. A Oktoban 2019 wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar B-17 ya faɗi a jihar Connecticut ta Amurka, mutum 7 suka mutu, kuma binciken hukuma ya gano rashin kula da maganeto da filogi na cikin musabbabin. A Shoreham ta Ingila kuma, ranar 22 ga Agusta 2015, a wajen wasan jirage, jirgin Hawker Hunter ya shiga alkafura ba tare da isasshen gudu da tsayi ba, ya faɗa kan babbar hanya, mutum 11 suka rasu. Bayan nan hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta tsaurara dokokin wasan jirage, da izinin da kowane matuƙi ke riƙewa na yin wasa a gaban jama'a. Duk mai son jiragen nan su ci gaba da tashi dole ya so wannan tsauri, domin hatsari ɗaya yana iya rufe fage ga kowa.

Salon tuƙi a Old Warden mai taushi ne, kuma wanda ya zo neman rugugin jiragen zamani ba zai samu da yawa ba. Abin da zai samu shi ne kusanci. Layin 'yan kallo a lanƙwashe yake kamar gwiwar hannu, jirage suna zagayo kusurwar a karkace, suna nuna bayan fikafikansu. Wurin da ya fi shi ne kusa da wannan kusurwa, kuma yana cika da wuri. Da yamma rana na bayan 'yan kallo. Mai ɗaukar hoto ya zo da gilashin milimita 300 zuwa 400, ya sa saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. In ya wuce nan farfela za ta fito a tsaye cak, jirgin ya zama kamar abin wasan yara da aka rataye.

In iska ta kwanta gab da faɗuwar rana, sai a fito da dattawan gidan. Blériot XI na 1909, mai injin Anzani silinda 3, shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da ke tashi. Ba shi da faifan karkatawa a fiffike, wayoyi ne ke murɗa fiffiken kansa. Ba ya zagaya fili: yana ɗagawa kaɗan, ya miƙe, ya sauka kafin ƙarshen ciyawa. Blackburn na 1912 kuwa, wanda shi ne mafi tsufa cikin jiragen ƙirar Birtaniya masu tashi, yakan yi zagaye sosai. Ganin waɗannan sa'a ce, mutum na iya zuwa sau biyu ko uku bai dace ba. Wasan yamma a watan Yuni ko Yuli ya fi ba da dama, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, kuma iska ta fi kwanciya a lokacin.

Inda wurin ya gaza a ganinmu: tikitin ranar wasa ba shi da arha, kuma jerin jiragen da aka buga alkawari ne mai sharaɗi, saboda haka wanda ya zo don jirgi ɗaya tak yana iya komawa da takaici. Ya duba shafinsu na intanet kwana ɗaya kafin ranar, kuma ya karanta sharuɗɗan tikiti game da ruwan sama kafin ya biya. Mafaka kaɗan ce a bakin shinge, wurin zama kuma sai wanda ka zo da shi. Kujerar naɗewa, rigar ruwa, da rigar sanyi ko da a Yuli ne, domin fili ne buɗaɗɗe, da rana ta yi ƙasa sanyi ke sauka. Ana barin mutum ya shigo da abincinsa, kuma ga mai kiyaye halal wannan ya fi sauƙi da kwanciyar rai. Yara ƙanana a sa musu abin toshe kunne lokacin da Merlin ko Mercury ke aiki kusa da shinge.

Mai mota zai bi babbar hanyar A1 ya sauka a Biggleswade, akwai alamu daga nan. Mai jirgin ƙasa daga Landan zai sauka a tashar Biggleswade, sauran 'yan kilomita kuma sai tasi. Ya yi magana da direban tun da safe su tsayar da lokacin dawowa, musamman in wasan yamma ne, domin ƙauye ne, kuma a lokaci ɗaya kowa ke fitowa ta 'yar siririyar hanya.